Ƙofar Guduma da Ƙanƙarar Matar Yaya

Ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku da sanyinta.

A wani layi na 'yan shaguna, tsakanin mai aski da mai gyaran takalma, akwai wata mata mai sayar da ƙanƙara. Mijinta ya rasu ya bar mata shago, da zarton yanka ƙanƙara, da ƙaninsa. Shagon da zarton dai sun yi mata amfani.

Ƙanin nan mai walda ne. Shi ya raɗa wa kansa suna Karya-Guduma, mutanen layi suka ga sunan ya yi wa bakinsu nauyi, suka bar shi a Guduma. Abu ɗaya ya sani a duniya, ƙarfi. Shayinsa sai ya yi baƙi ƙirin har cokali ya ji tsoron shiga. Turarensa yakan riga shi isa wuri, kuma ba ya tashi in ya tashi. In ya yi maka raɗa a kunne, na ƙarshen layi ne ke amsawa. In kuwa ya ba ka hannu kuka gaisa, sai ka koma gefe ka duba ko yatsunka sun dawo duka. Duk abin da ka nuna masa, riga ce, kujera ce, ko ɗan da aka haifa jiya, tambayarsa ɗaya ce: "Yana da ƙarfi?"

Ranar nan ƙusa ɗaya ta fita daga ƙyauren shagon Mai Ƙanƙara, ƙyauren ya ɗan karkace. Ta leƙa ta hango Guduma yana wucewa, ta ce, "Kai, zo ka buga mini ƙusar nan."

Ya zo ya tsaya, ya dubi ƙyauren sama da ƙasa, ya girgiza kai kamar likita ya ga wanda aka kawo a makare.

"Matar Yaya, wannan kike kira ƙofa? Wannan ai faifai ne. Ko kyanwa ta yi tari sai ya buɗe."

"Shekara nawa yana nan, ba kyanwar da ta yi tari. Buga mini ƙusa."

Ya ce bari ya gwada ƙarfinsa tukuna. Ya sa hannu ɗaya ya jijjiga, ƙyaure ya taho masa gaba ɗaya har da guntun bango.

"Kin gani?" in ji shi. "Allah ne ya kawo ni."

Nan ya zauna a kan ƙyauren ya shimfiɗa mata shirinsa. Zai ƙera mata ƙofar da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ƙofa. Shagonta ne a bakin layi, kowa sai ya wuce ta gabansa. Duk wanda ya ga ƙofar zai so irinta, daga nan layin gaba ɗaya nasa ne, sai layin baya, sai bankuna su fara aiko masa da mota.

Mai Ƙanƙara ba ta yi karatu mai nisa ba, amma ba a taɓa cin ta a ciniki ba, kuma ta san hakan. Ta naɗe hannu ta ce, "Wato talla za ka yi da shagona."

"Taimako ne, Matar Yaya."

"Talla ce. Mai talla kuwa shi ke biya. Ƙofa kyauta. Siminti naka. Leburori naka."

Ya yi ƙorafi, ya ambaci tsadar ƙarfe, ya ambaci marigayi. Ta ce marigayi da kansa bai taɓa cin ta a ciniki ba, balle ƙaninsa. Ya sallama. Har ya miƙe zai tafi ta ce, "Ina gyarata?"

"Gyara kuma? A kan kyauta?"

"Ni ban taɓa karɓar kaya ba gyara ba."

Sai ya ce zai gitta mata rodi a ƙarƙashin rufin kwano, yadda ko ɓarawo ya zo ta sama sai ya koma. Ta ce to, yanzu ka yi magana. Ta wuni tana jin daɗin kanta.

Ranar da ƙofa ta iso, layin kaf ya bar aiki. Daga jikin tsohuwar babbar mota ya yanko ta. Amalanken da ya ɗauko ta tayarsa ta fashe tun a kwana, 'yan dako suka ƙarasa da ita a kafaɗa suna kiran iyayensu. A tsakiyarta ya liƙa wata ƙatuwar guduma ta ƙarfe, alamar kamfani wai. Mabuɗinta kuwa ya kai tsawon damtse. Mai aski ya ɗaga shi ya ce, "Wannan in an rufe shago a amalanke za a riƙa kai shi gida?"

"Mabuɗi mai ƙarfi ke nan," in ji Guduma. "Naku da ke ɓacewa a aljihu, wannan ya ɓace mu gani."

Aka kafa ta, siminti ya kama. Washegari da safe motar ƙanƙara ta zo ta sauke kaya, manyan sanduna farare, aka jera su ciki har kusan rufi, aka lulluɓe da buhuna da dusar katako. Mai Ƙanƙara ta zuba duk abin da take da shi a kayan ranar, don zafi ake yi kamar a cire fata, kuma mai kifi na babbar kasuwa ya ce zai zo kafin azahar ya kwashi rabi. Mai kifin nan shi ne ƙashin bayan cinikinta. Akwai wani mai ƙanƙara a tsallaken titi da ya daɗe yana yi masa murmushi, in ya tsallaka sau ɗaya, ta san ba zai dawo ba.

Tana ɗaura zani za ta fara yanka, sai ga Guduma da sabuwar riga, turare na gaba yana biye, ya taro jama'a.

"Matar Yaya, ɗan fito. Minti kaɗan. Gwaji za mu yi."

"Gwajin me? Ina da masu saye."

"Ai su ne 'yan kallo." Ya juya ga jama'a ya buɗe murya. "Jama'a! Ni zan shiga in zama dukiya. Ku kuma ku zama ɓarayi. Duk wanda ya buɗe ƙofar nan, na ba shi injin waldata!"

Ya shiga, ya ja ƙofa. Ta rufe da wata ƙara da ta sa tantabarun layin suka tashi. Aka ji sakata ta faɗa ƙasa, wata ta shige sama, wasu suka shiga gefe da gefe, kowace da tata muryar. Ita ke kulle kanta, ba ta jiran kowa.

Mai gyaran takalma ya tura da kafaɗa, ya dawo yana murza kafaɗar. Mahauci ya ja da baya ya zo da gudu, ya zauna a ƙasa yana kallon sama. Daga ciki muryar Guduma ta fito kamar daga rijiya: "Wa ke shafa mini ƙofa? Ku daka mana!"

Aka yi dariya, aka tafa. Mai Ƙanƙara ta ce, "To, an gani. Buɗe."

"Ki buɗe daga nan, Matar Yaya. Ta waje ake buɗewa."

"Ba ni mabuɗin."

Daga ciki aka ji ya yi gyaran murya.

"Kai, da kai nake."

"Yana nan," in ji muryar. "Yana nan lafiya. A hannuna."

"To buɗe ta ciki."

"Ai ba ta da rami ta ciki. Dabara ce. In ɓarawo ya ɓuya a shago aka rufe da shi, ta ina zai fita?"

Mai aski ya ce, "Lallai dabara ta yi. Ga shi ta kama na farko."

Ta ce ya turo mabuɗin ta ƙarƙashin ƙofa. Guduma ya ce da alfahari ko tururuwa ba ta da hanya a nan, shi ya auna da kansa. Shagon ƙanƙara ba ya da taga. Sai mai gyaran takalma ya ce a hau sama a ɗaye kwano. Wani dogo ya hau, ya ɗaga kwano ɗaya, ya leƙa ya ce, "Inna, rodi ne a gitte ko'ina, ko hannu ba ya shiga. Wane mugun ne ya sa wannan?"

Mai Ƙanƙara ta ce, "Mayar da kwanon ka sauko, rana na shigar mini kan kaya." Ba ta ƙara ko kalma a kan rodi ba.

Saura rariya, ɗan ramin da ke gindin bango inda ruwan ƙanƙara ke fita. Guduma ya durƙusa ya zuro mabuɗi. Bakinsa ya leƙo, kansa ya ƙi wucewa. Aka ja daga waje, ya tura daga ciki, mabuɗi ya ce shi ba ya zuwa ko'ina. Da ƙyar ya koma. Yana komawa ruwa ya biyo, siriri, mai sanyi, ya bi ta tsakanin ƙafafun Mai Ƙanƙara ya gangara titi. Ta tsaya tana kallon jarinta yana tafiya kwata.

"Ku kawo benci!" in ji ta.

'Yan dako suka ɗauko bencin mai shayi, suka yi baya, suka zo da kabbara. Benci ya rabu biyu. Mai shayi ya ɗora hannu a ka.

"Me ya karye?" in ji Guduma daga ciki, murya cike da murna. "Benci ne? Allahu akbar! Jama'a ku shaida! Mai shayi, in kana so in yi maka na ƙarfe!"

"Uwar ƙarfe!" in ji mai shayi.

Aka kawo ƙarfen banƙare taya, ya lanƙwashe. Aka kawo babbar gudumar fasa dutse, ƙotarta ta tsinke, kan ya tashi ya faɗa cikin bokitin mai aski. Duk abin da ya karye sai Guduma ya yi guɗa daga ciki kamar ana yi masa biki. Mai Ƙanƙara ta manna baki a rariya ta ce, "Kai wai wane ɓangare kake? Namu ko na ƙofa?"

"Gaskiya nake bi, Matar Yaya. Ƙofa ta yi."

Aka ce a ɗauko injinsa na yankan ƙarfe, aka tarar an ɗauke wuta. Aka kira wani mai walda na layin baya mai aiki da gas. Ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofar, ya kasa kunne, ya ce in ya fara yanzu, da yardar Allah gobe war haka ya yi ramin da kai zai shiga.

"Muryar wa nake ji?" in ji Guduma. "Mai liƙin bokiti ne? Kada ya taɓa mini ƙofa! Matar Yaya, gara in mutu a nan!"

"Ka mutu mana, amma ba a kan kayana ba."

Masu sayar da lemo da ruwan sanyi sun yi layi da kulolinsu, wasu sun fara waiwayen tsallaken titi, inda wancan mai ƙanƙarar ya fito ƙofar shagonsa yana washe haƙora. Mai Ƙanƙara ta ga haka, ta sake durƙusawa.

"Kai! Mabuɗin nan naka mai ƙarfi ne, ko?"

"Ba irinsa!"

"To fasa mini ƙanƙara da shi, ƙanana ƙanana, ka riƙa turowa ta nan."

Haka aka yi. Ana jin ƙwas, ƙwas daga ciki, gutsattsari na fitowa ta rariya, tana tarewa da kwano tana aunawa. Wani ya ce ai wannan tsakuwa ce, a rage masa. Ta ce fasasshiya ta fi tsada, an hutar da shi aiki. Ruwan da ke biyowa ma ta kafa masa baho, ta sayar wa mai aski ya yayyafa a ƙofar shagonsa.

Sai dai ƙwas ɗin ya fara ja da baya. Muryar da ke tashin tantabaru ta sirance.

"M-matar Yaya."

"Mene ne?"

"Ba wai s-sanyi nake ji ba. Ni sanyi ba ya k-kama ni. Amma ko akwai shayi?"

Mai shayi, da ke zaune kan rabin bencinsa, ya ce akwai. Ya haɗa mai zafi, aka samo siririn tiyo aka zura ta rariya, aka ɗura. Aka ji tsotso, sai tofarwa.

"Wannan r-ruwan wanke kofi ne! Ba shi da ƙarfi!"

Mai shayi ya janye tiyonsa.

Ana cikin haka sai ga mai kifi da motarsa ta a-kori-kura, warin kaya na tashi a baya. Ya sauko ya dubi taro, ya dubi ƙofa, ya dubi kwanon gutsattsari.

"Inna, ina kayana?"

"Suna ciki, Alhaji, lafiya lau. Ajiya ce mai tsaro."

"Kifina ba ya jiran tsaro. Manya nake so, yanzu. In babu, ga wancan can yana ɗago mini hannu."

Mai Ƙanƙara ta ji kamar an zuba mata ruwan rariyar a baya. Ta dubi ƙofar, idonta ya sauka kan ƙatuwar gudumar da ke liƙe a tsakiya. Ta dubi motar mai kifi.

"Alhaji, kana da sarƙa?"

"Akwai ta jan mota."

"To kayanka na bayan ƙofar nan. Ja ka ɗauka. Ban caje ka kuɗin buɗewa ba."

Aka naɗa sarƙa a wuyan gudumar, aka ƙulla a bayan mota. Mai aski ya zama mai ba da hannu, ya kori jama'a gefe. Guduma ya ji ƙarar sarƙa ya tambayi abin da ake yi, aka gaya masa. Ya yi wata dariya mai haɗe da kaɗawar haƙora.

"M-mota? Ku kawo jirgin ƙasa! Ƙofar nan ba ta b-buɗewa! Na rantse ba ta buɗewa!"

"Matsa baya dai," in ji Mai Ƙanƙara.

Mota ta yi gurnani. Sarƙa ta miƙe. Taya ta yi ta juyawa wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, kifi ya yi tsalle a baya kamar ya farfaɗo. Mai kifi ya ƙara wuta. Sai aka ji wani ƙas a gefen dama, wani ƙas a gefen hagu. Tsohon bangon bulo ne, wanda tun safe yake shan duka da ruwa a gindi. Mai gyaran takalma ya buɗe baki zai yi magana, bai samu dama ba.

Gaban shagon gaba ɗaya ya taho. Ƙofa, da bango, da allon da aka rubuta sunan shago, duk suka bi mota. Bulo ya zube hanya, ƙofa ta faɗi rigingine ta bi titi tana tartsatsin wuta, sai da ta kai gaban shagon wancan mai ƙanƙarar ta tsaya, ta tare masa ƙofa.

Ƙura ta lafa. Ga shago a buɗe kamar bakin mai hamma. Ga sandunan ƙanƙara, sun rame amma suna nan. A samansu kuma ga Karya-Guduma a tsugune, ya naɗe kansa da jiƙaƙƙun buhuna har ka, dusar katako a gemu, majina ta sauko, ya rungume mabuɗi kamar jariri. Sabuwar riga ta zama tsumma. Turaren ne kawai bai karaya ba, shi ya fara fitowa.

Ya ɗaga hannu yana rawa, ya nuna can ƙasan titi.

"K-ku je ku duba," in ji shi. "Ba ta b-buɗe ba."

Mahauci ya ruga ya duba, ya ɗago ya yi ihu, "Wallahi a kulle take!"

Layin ya kwashe da dariya, har mai shayi sai da ya faɗo daga rabin bencinsa. Mai Ƙanƙara ba ta yi dariya ba. Ta tsallake bulo, ta ɗauki zartonta, ta ce wa Guduma, "Sauka mini daga kan kaya, kana narkar da su."

Mai kifi ya shigo ya shafa sanda ɗaya, ya ce sun ragu, sai a rage masa. Ta ce abin da ya narke ai ruwa-ruwan ne, zallar ƙanƙarar ce ta rage, kuma bai biya kuɗin kallo ba. Suka yi ta ja, ya ce ya buɗe mata shago, ta ce ya rushe mata shago. A ƙarshe ya loda rabinsa a farashin jiya, ya tafi yana cewa gobe ma a ajiye masa, amma a waje.

Saura rabi, ga rana ta faɗo kai tsaye cikin shago. Guduma ya lallaɓa zai bi ta gefe, yana cewa bari ya je ya zano mata bango, bangon ƙarfe, wanda ko...

Ta kama shi ta buhu.

"Ina za ka? Ɗauki tamfol ɗin can. Ɗaga hannu. Sama. Ƙara buɗewa. Yawwa, tsaya nan."

Ya tsaya a inda bango yake a da, hannuwa a sama, tamfol ya sauko ya rufe shi ya yi wa ƙanƙara inuwa.

"Har yaushe, Matar Yaya?"

"Har magini ya gama, kuma kai za ka biya shi. Kafin nan kai ne ƙofa. Ba ƙarfi gare ka ba?"

Wata mai sayar da lemo ta matso da kularta, ta tsaya gaban tamfol, ta rasa ta inda za ta shiga. Mai aski ya ce mata, "Ƙwanƙwasa mana." Ta ƙwanƙwasa daidai inda ta ga tudun goshi.

"Buɗe," in ji Mai Ƙanƙara daga ciki.

Ƙofa ta yi atishawa, ta matsa gefe.